Rigar Ɗakin Ƙarshe

Yaya Tela,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta leƙo ba, kuma ta san ta yi laifi. Ina fata kuna lafiya, kai da matarka da yara. Ka gaishe mini da Kawu da kyau, ka ɗaga murya yadda zai ji. Kakanni ne kawai suka haɗa shi da mahaifiyata, amma a gidansa na ci na sha har na gama makaranta, ka ce masa ban manta ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya.

Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da ku. Faɗi abinka, ba zan musa ba. Tun da annobar nan ta shigo aka rufe hanyoyi, mu ma'aikatan ɗakin gwaji aka ba mu ɗakuna a bayan ginin, ba ma zuwa ko'ina. Waya a akwatin bakin ƙofa take wuni a kashe, in na fito kuma ba ni da sauran bakin magana. Direban da ke ɗauko mana samfurin gwajin mutane daga garinku ya ce ya san shagonka, shi ya sa na koma takarda da biro irin na da.

Bari in nuna maka wurin don ka gane abin da nake nema. Ginin dogo ne, ɗaki na bin ɗaki kamar layin shagunanku. A ƙasa an manna jajayen kibiyoyi, duk suna kallon gaba. A ɗakin farko muke haɗa ruwan gwaji, nan ya fi ko'ina tsabta. A na tsakiya muke buɗe 'yan kwalaben da ke ɗauke da tsinken audugar da aka zura wa mutane a hanci. A na ƙarshe akwai na'urar da ke kama ɗan ɓurɓushin cutar, in akwai shi, ta yi ta ninka shi har ya kai yawan da za a gani. Duk abin da ya wuni a wannan ɗaki yana fitowa da ɓurɓushin a jikinsa. Ba ya kama mutum, amma in ya koma ɗakin farko a hannun rigar wani, sai gwaji ya fara yi wa masu lafiya ƙarya. Saboda haka kowace ƙofa da allonta, wanda ya wuce gaba ba ya komawa baya a wannan rana. Ko bironka ka manta, sai dai ka yafe shi.

Allon ɗakin farko shuɗi ne, an zana riga shuɗiya a jiki. Na ɗakin ƙarshe kore ne, da koriyar riga. A ɗakin sauya kaya ma haka, ƙusoshin rataya layi biyu ne, kowane a ƙarƙashin allonsa. To rigunan da ake kawo mana, waɗanda ake sawa sau ɗaya a yar, sun kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage an ware wa ɗakin tsakiya inda cutar take da rai. Oga ya ce a nemi tela mai hannu, ni kuwa na cika baki na ce ina da shi a gida.

Rabi shuɗi, rabi kore. Dogon hannu da roba a wuyan hannun, ɗauri ta baya, tsawo har gwiwa. Ba aljihu, ba aiki a wuya. Na san halinka, in ba a tsare ka ba sai ka yi wa rigar gwaji surfani. Awon yana bayan takardar nan.

Ƙanwarka da kuke tsokana da Likita


Likita,

Saƙonki ya iso. Direban ya tsaya can nesa da shago ya miƙo shi da bakin yatsu kamar takardar za ta cije shi. Muna lafiya. Yara sun ishe mu tun da aka rufe makaranta, uwarsu har ta dishe da tsawa. Baba yana nan da tarinsa na shekara da shekaru, wanda ƙurar katako ta bar masa tun yana kafinta. Na karanta masa wasiƙarki a kunne. Da na zo wurin biron nan ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ke da kike dawowa daga makaranta da takalmi ƙafa ɗaya, yaya kike ƙarewa a irin wannan wuri.

Laifi kam kin yi, kuma ban yafe ba tukuna, na dai ajiye shi sai kin zo. Amma aikin ya zo mini a kan gaɓa. Kasuwa ta mutu murus. Ba mai biki, ba mai zuwa ofis, wa zai ɗinka sabuwar riga ya zauna da ita a ɗaki? Takunkumi kawai nake ɗinkawa, ni da na yi shekaru ina yanka manyan kaya, yau na koma ɗinkin ƙyalle mai igiya biyu. Har keken ma ya fara yi mini kallon raini.

Na buga wa mai yadin da nake hulɗa da shi ƙofa ta baya. Ya fito mini da wani mai kauri irin na leburori, na ce masa a'a, kayan nan gaban masu ilimi za su, ba zan ba ƙanwata kunya ba. Na zaɓi mai laushi, mai ɗaukar ido. Shuɗin shar da shi, koren ma haka, daga ƙarshen layi mutum zai bambance su. Ba aljihu, ba surfani, kamar yadda kika yi umarni, ranki ya daɗe. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi amma na daure.

Baba ne ya riƙe mini bakin yadi ina yanka. Ya duba kowane ɗinki da babban yatsa kamar yadda yake duba haɗin katako, ya sa na warware hannun riga biyu. Yanzu duk maƙwabcin da ya leƙo ta katanga sai ya ji labarin cewa Likitarmu ce ke gano cutar nan, kuma rigar gidanmu take sawa. Na gaya masa ba likita ba ce ke, ya yi kamar kunnen ne bai ji ba.

Ki ci abinci. Direban ya ce kin zama kamar sanda.

Yayanki


Yaya Tela,

Gaisuwa da godiya. Ina fata jikin Kawu da sauƙi, kuma yara sun bar uwarsu ta huta. Ni ina nan, sai dai bayan kunnuwana sun yi ciwo saboda igiyar takunkumi, karan hancina kuma ya sale.

Riguna sun iso, kuma ka fitar da ni kunya. Oga ya juya ɗaya ciki da waje ya ce wannan tela ya san aikinsa. Abokiyar aikina ta ce in an gama annoba da tata za ta gudu. An rataye kowace a ƙarƙashin allonta, ɗakin sauya kaya har ya yi kyan gani. Mukan sa su 'yan kwanaki, sannan mai wanki ta kwashe ta jiƙa su a bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, warin har idonmu yake shiga.

Ban da wannan ba ni da labari mai daɗi. Akwatunan samfur sun fi ƙarfinmu, kafin mu gama na jiya na yau ya iso. Da ka ga yadda nake shiga aiki da ba ka gane ni ba: riga, hula, takunkumi, gilashin fuska, safar hannu biyu. Gilashin yana yin hazo da numfashina, ta ɗan gefensa nake kallon duniya. Cire kayan ya fi sa su wuya, don a nan ake kamuwa. Akwai allo a bango mai nuna abin da za a fara cirewa, kuma dole wani ya tsaya yana karanta maka, saboda mai gajiya ba ya ganin allo ko da a goshinsa aka kafa.

Ba ma ganin sunan kowa, lamba ce kawai a jikin kwalba. Da farko na ji daɗin haka. Yanzu kuwa in layin na'ura ya tashi sama, alamar akwai cuta, sai in tsaya ina tunanin ko uwar wa ce, ko an riga an gaya mata, ko tana can tana girki ba ta san mota na zuwa ba. Raina ba ya mini daɗi, Yaya. Ina kewar tsakar gidanku da surutun Kawu.

An ƙaro mana ma'aikata. In da sauran yadi, ka ƙaro mana kamar rabin na farko.

Ƙanwarka


Likita,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya ba. An tafi da Baba.

Mai shagon kusa da nawa ya rasu, sai ma'aikatan lafiya suka shigo unguwa gida-gida. Suna tsakar gidanmu tarin Baba ya tashi. Na yi musu bayani, na ce tarin nan ya girmi wasu cikinsu, suka ce doka ce. Suka zura mana tsinke a hanci mu duka. Namu ya fito lafiya, nasa ya fito wai da cuta. Mutumin da ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ranar ma ya cinye abincinsa ya taya jikansa cin nasa.

Da motar ɗaukarsa ta zo bai gane me ake ciki ba. Kin san bakin mutum yake kallo ya gane magana, su kuwa duk bakinsu a rufe. Ya yi ta juyowa yana kallona. Ni na sauke takunkumina na gaya masa. Sai ya tambaye ni ko a wurinki aka yi gwajin. Na ce nan ne kaɗai ake yi. Ya ce to shi ke nan, ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa da kansa.

Makarantar bayan kasuwa aka mayar wurin killace mutane. An ja jar igiya a bakin fili, an kafa allo cewa ba a wucewa. Daga nan nake hango tagar ajin da aka sa shi.

Na kira wayarki ba adadi, a kashe. Ga lambar da ke jikin takardarsa na kwafa a ƙasa. Ki duba mini, don Allah. Ban san abin da nake so ki gani ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ke kaɗai muke da ita a wannan fanni.

Yayanki


Yaya,

Gaisuwa a tsaitsaye, ina fata kuna lafiya. Zan bar wannan a hannun mai gadi ya ba direba.

An samu matsala, an rufe ɗakin gwajinmu. Ba a karɓar komai daga waje, an ce kowa ya kashe waya saboda 'yan jarida, muna ta wanke bango da tebura. Rigunan da na ce ka ƙaro, ka dakata, kada ka yanka ko ɗaya. Waɗanda ka aiko ma an tattara su an cire daga aiki. Oga ya hana mu bayani sai an gama bincike, ka yi haƙuri.

Ka gaishe da Kawu, ka ce ya rage dariya saboda tarin nan.

Ƙanwarka


Malama,

Muna nan yadda Allah ya ajiye mu, tunda kin tambaya.

Na rubuto miki an tafi da ubana, kin amsa mini da zancen riga. Na tare direban, ya rantse mini ya ajiye jakar wasiƙu a ƙofarku da hannunsa. Na karanta takardarki na sake karantawa ina neman inda kika ce sannu, ban gani ba. Sai wai ya rage dariya. Ina ya ga dariyar?

In ɗinkina bai kai na manyan wurare ba, ki fito ki faɗa, ba sai kin ɓuya a bayan Oga ba. Jiya-jiya kika ce na fitar da ke kunya. Yadin na riga na yanka, yana nan jibge a kan tebur, matata ta rufe shi da zani don in daina kallonsa. Wannan duk ba komai ba ne. Abin da ya ci mini rai shi ne mutumin da ya sayar da kayan aikinsa mafi kyau shekarar da za ki shiga babbar makaranta, yau yana kwance cikin baƙi, ke kuma ko layi ɗaya bai samu ba.

Kullum ina zuwa bakin igiyar. Ajin cike yake, gado na gogar gado, tari daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shi kaɗai ne mai ƙarfi a cikinsu, kin kuwa san ba ya iya zama. Wata ma'aikaciya ta gaya mini ya gyara ƙafar gado biyu, shi ke ba na kusa da shi ruwa a baki, shi ke tallabe wani tsoho zuwa bayi. Takunkumi ma ya daina sawa, wai tunda cutar ta riga ta kama shi me zai tare. In ya hango ni sai ya ɗaga mini hannu biyu, alamar yana nan garau.

Ya yi mini alama ta taga yana tambayar ko kin aiko. Na gyaɗa masa kai. Ƙarya na yi masa saboda ke.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba. Za mu ji da abinmu.

Tela


Yayana,

Ina gaishe ka, kuma ina roƙonka da girman Allah ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka ci gaba da fushi. Na kira ka na sake kira, tana shiga ba ka ɗauka.

Jakar direba a ɗakin mai gadi ta zauna duk kwanakin nan, tare da akwatunan da aka hana shigowa. Yau aka buɗe ta, na sami wasiƙunka biyu a haɗe. A tsaye na fara karantawa, a ƙasa na gama. Wallahi lokacin da na rubuta maka waccan takarda ban san an taɓa Kawu ba.

Ga abin da ya faru. A kowane zubin gwaji mukan sa kwalba ɗaya ta ruwa zalla, don mu tabbata gwajin ba ya ƙarya. Rannan ruwan ya fito da cuta. Nan take aka tsayar da aiki. Aka bi ɗakin farko ana shafa auduga a kowane abu, tebur, hannun ƙofa, murfin firij. A hannun wata riga aka samu ɓurɓushin, tana rataye a ƙarƙashin allon shuɗi. Da aka buɗe cikin ɗinkin wuyanta, inda bilic bai ci sosai ba, sai ga kore.

Rigunan sun koɗe, Yaya. Kowane wanki yana ɗan rage launin, a hankali yadda ido bai lura ba, har shuɗin da koren suka koma fari-fari mai duhu iri ɗaya. A hasken fitilar ɗakin sauya kaya, ta cikin gilashi mai hazo, wani ya fito daga ɗakin ƙarshe ya rataye rigarsa a layin da ba nata ba, wani kuma ya sa ta da safe ya shiga ɗakin farko. Ba a san ko waye ba, ba a kuma san kwana nawa ta yi tana shiga ba. Zai iya zama ni. Mun saba allo ke yi mana tunani, shuɗi ya bi shuɗi, ba wanda ya ƙara duba rigar kanta.

Ɗinkinka ba shi da aibi. Ni ce ban gaya maka bilic za su riƙa sha ba, don a wurina abu ne da kowa ya sani, na manta kai ba a nan kake aiki ba. Da na faɗa da ka zaɓi wani yadin.

Na kai wa Oga lambar Kawu ina kuka. Ragowar samfurinsa yana firij, aka sake gwada shi da sababbin kaya, aka kuma maimaita. Ba shi da cutar. Ranar da aka ɗauke shi daga gida lafiyarsa ƙalau.

Oga ya aika wa ofishin lafiya duk lambobin da ake shakka, amma takarda a can daga tebur zuwa tebur take bi, ga shi rabin ma'aikatan suna kwance. Kada ka jira su. Na haɗo maka sakamakon da hatimin Oga. Ka kai wa likitan wurin hannu da hannu, yau, ka tsaya a kansa har ya fitar da shi daga ajin nan ko da baranda ce. Ka yi wa Kawu alama ya mayar da takunkumi, ya daina taɓa kowa. Abin da ka rubuta na ba da ruwa a baki ya hana ni sukuni.

In ka fito da shi, ka zage ni iya son ranka.

Ƙanwarka


Yaya,

Gaisuwa. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Ya ce shagon a rufe yake, matarka ya ba wasiƙar. Wayarka yanzu ko shiga ba ta yi. Na nemi izinin tahowa, an ce duk wanda ya fita daga nan sai an killace shi kafin ya ga kowa, kuma ba mai maye gurbina.

An buɗe ɗakin gwaji, mun koma aiki. Ina buɗe kwalabe hankalina yana wurinku. Ko kalma ɗaya ce ka aiko, ka ce ya fito.

Ƙanwarka


Likita,

Ina gaishe ki. Mu da yara lafiya, an sake gwada mu ba a sami komai ba. Baba ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri ni da ke.

Zan gaya miki yadda aka yi, don kin fi kowa haƙƙin sani. Wasiƙarki ta iso a kan lokaci. Matata ta miƙo mini, na ga rubutunki, na jefa ta cikin aljihun keken ɗinki na rufe. Kiranki ma ina gani, ina kifa wayar. Ta yi kwanaki a nan tare da zare da allurai. Matata ce ta gaji ta buɗe, ta biyo ni da ita har bakin igiya ba ko mayafin kirki.

Na yi ihu a ƙofar har likitan ya fito. Ya karanta, ya dafe kansa, ya ce ba zai iya sallamarsa ba sai an sake gwaji, don ya daɗe cikin masu cutar. Ya sa aka ware masa gado a ɗakin malamai. Amma tun kwana biyu kafin nan Baba ya daina zuwa taga, ni kuma na ɗauka barci yake yi. Zazzaɓi ne. Sabon gwajin ya fito da cuta, wannan karon ta gaskiya. Na tambayi likitan, da na kawo takardar ranar da ta iso fa? Ya ce ba wanda zai iya sani. Na ga dai bai kalle ni ba da yake faɗa.

Da jikin ya yi tsanani suka bar ni na shiga sau ɗaya. Suka sa mini irin kayanku, wata tana karanta allon bango ina bi. Ashe haka kike wuni. Ban yi taku goma ba gilashin ya yi hazo, zufa tana bin bayana. Baba bai gane ni ba sai da na kama hannunsa ya shafa kantar almakashi a yatsana ta cikin safar.

Na shiga da niyyar gaya masa gaskiya, cewa lafiyarsa ƙalau aka kawo shi. Na faɗa ma, cikin takunkumi, amma ba ya ganin bakina, kuma an hana ni cirewa. Ya yi ta kallon inda bakin yake. Daga baya na gode wa Allah da bai ji ba. Shi ya yi maganar, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi.

Ni da na ɗinka wa rabin unguwar nan likkafani, ban ɗinka wa ubana ba. A jakar leda suka fito da shi, mutum huɗu cikin fararen kaya, muna tsaye nesa a bayan igiya.

Ban buɗe shago ba tukuna. In na kalli keken sai in ga aljihun nan. Kin ce laifinki ne da ba ki ambaci bilic ba. Ni kuma shekara nawa ina sana'ar nan, ban taɓa yanka yadi ban tambayi yadda za a wanke shi ba sai wannan karon, saboda ina son a yaba. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, kuma na gaji. Abin da na rubuta miki a waccan wasiƙa, ki yafe mini in za ki iya. In an buɗe hanya ki zo gida, ɗakinki yana nan.

Saura saƙonsa. Na yi ta juya shi a raina ko in riƙe, don na san abin da zai yi miki, amma amana ce kuma ba ni da ikon canza ko kalma ɗaya. Ya ce in gaya wa Likitarmu Allah ya yi mata albarka da ta gano cutar da wuri, aka raba shi da jikokinsa kafin ya shafa musu. Ya ce ki ci gaba da aikinki, kina da hannu mai kyau.

Na isar.

Yayanki